Jumadil Mai Auna Jela

Ran Laraba ne da hantsi. Ina tsugune bakin kwami ina fasa ƙanƙara da gatari don shanu su samu su sha, sai na hangi dattawa biyu sun ɗaure dawakinsu tun daga bakin hanya suna tahowa a ƙasa. Ishen ata ne, wato Baba Ishen, dattijon ƙauyenmu, da limaminmu. A irin wannan sanyi ba mai sauka daga doki tun daga nesa, sai wanda maganar da ya ɗauko ba ta faɗuwa daga kan sirdi. Na miƙe da gatarin a hannu. Matata Kalicha ta leƙo ta taga, ta gan su, ta saki labule.

Ba su yarda sun shiga ɗaki ba. Ishen ata ya zare gatarin daga hannuna, ya jingine shi da bango, sannan ya dafa kafaɗuna biyu.

"Orozbek, ka daure," ya ce. "Kurdash ɗinka Jumadil ya riga ka gidan gaskiya."

Na ce, "A ina?"

"Can sama, a Kara-Bulak, wurin tumaki. Jiya kafin faɗuwar rana aka same shi."

Abin da ya fara faɗo mini a rai ba fuskarsa ba ce. Wani ƙunshi ne a kan katakon bayan ƙofarmu, dafaffiyar jelar rago a naɗe cikin farin ƙyalle. Washegari Alhamis ne zan kai masa.

Shekara ɗaya aka haife mu da Jumadil a wannan ƙauye na gefen garin At-Bashi, wata ɗaya, na riga shi da kwana tara. Wannan ya sa muka zama kurdash, wato sa'o'in juna kuma abokan wasa, kuma wannan ya sa a shekara sittin da uku bai taɓa faɗa mini magana mai daɗi a gaban mutane ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba. In muka haɗu a taro sai ya dubi dokina ya ce, "Ka ƙara masa sha'ir mana. Ba na son in zo jana'izarka a ba ni nama mai tauri." A wurinmu dokin mutum ake yankawa a ci ranar jana'izarsa. Ni kuwa in ce ya ji da nasa dokin, don ni zan fara ci. Mutane su yi ta dariya.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa kamar aro ya yi don girma. Aji takwas muka yi tare aka sallame mu zuwa kiwo. Ba shi da yawan magana sai da ni, sai kuma da tumaki.

Sa'ad da gandun gwamnati ya watse aka raba dabbobi, rabon Jumadil tumaki talatin da ɗaya ne, farare, irin na ulu da gwamnati ke so, jelarsu siririya kamar igiya. A da motocin gandu ne ke kawo musu ciyawa duk hunturu. Shekarar nan mota ba ta zo ba. Kafin ƙanƙara ta narke ya ja gawa ashirin da biyu zuwa bayan shinge, har karnuka suka gaji da ci. Matarsa Salkin, tana goyon ɗansu Ularbek a lokacin, ta ce su bi sauran mutane su koma Bishkek, babban birni. Ya ɗaura sirdi, ya yi kwana biyu yana haye dutse zuwa wurin wani tsoho da ya ɓoye tumakin kakanninsa duk tsawon zamanin gandu. Ya dawo a ƙafa yana jan baƙin rago. Dokin ya bayar. Jelar ragon nan kuwa kamar an ɗaura masa matashin kai a baya, in yana tafiya tana rangaji.

Daga ragon nan garken Jumadil ya fito, kuma a wurin tsohon nan ya koyo abin da aka san shi da shi. Da kaka, kafin dusar ƙanƙara ta farko, sai ya tsaya a ƙofar shinge tumaki na fita ɗaya bayan ɗaya. Ya kama kowace, ya sa hannu biyu ƙarƙashin jelar, ya ɗaga kaɗan, ya runtse ido.

"Kwana arba'in," ya ce, ya sake ta. Ta gaba, "Talatin da biyar." Ta gaba kuma, "Wannan sha biyu ce. A yanka ta tun tana da nama."

Ba nauyi yake aunawa ba. Kwanakin da tunkiya za ta iya jurewa in ƙasa ta rufe abinci ya yi wuya, tana rayuwa da kitsen da ke bayanta, su yake ƙirgawa. Bai cika kuskure ba. Tun ana yi masa dariya har aka koma aika masa. Duk kaka sai ka gan shi gida-gida, ana ba shi shayi da gurasa, yana gaya wa mutane wadda za su ajiye da wadda za su yanka. Nakan ce masa ba shi da sana'a sai laluben ɗuwawun tumakin mutane. Shi kuma ya ce in juyo ya auna ni, yana zaton ko kwana uku ba zan kai ba.

Shekaru da yawa abin ya tafi daidai. A kasuwar dabbobi ta Lahadi ragunan Jumadil ba sa kaiwa azahar. Masu biki, masu sadaka, mahautan birni, kowa jela yake fara ɗagawa kafin ya tambayi kuɗi.

Ba a rana ɗaya abin ya juya ba. Mahautan Bishkek ne suka fara cewa matan birni na sa su yanke kitse kafin a ɗora nama a sikeli. Sai aka shiga kawo daskararrun cinyoyin kaji a kwali har shagon ƙauyenmu, yara suka san ɗanɗanonsu. Sai likita ya hau hana kowa kitse, har da Jumadil ɗin kansa, wai jininsa ya hau. Wata Lahadi ya kai raguna goma sha biyu, mafi kyau da ya taɓa kiwatawa. Wani matashi da ke saya wa kamfanin da ke loda nama a jirgin sama zuwa ƙasashen waje ya zo, ya ɗaga jelar na farko kamar yadda kowa ke yi. Jumadil ya gyara tsayuwa yana jiran yabo.

"Ata, wannan ai kilo goma ce ta banza," in ji matashin, yana goge hannu da ƙyalle. "Ba a sa ta a jirgi. Ba ka da marasa wannan kayan?"

"Wane kayan?"

"Jelar. Can jan nama zalla suke so, na ɗan wata shida. Wannan sai dai masu yin sabulu."

Da la'asar ya koro raguna tara gida. Duk hanya na rasa tsiyar da zan yi masa.

Wanda bai san shi ba zai ɗauka irin tsofaffin nan ne masu taurin kai. Ba haka yake ba. A hunturun shekarar aka tara makiyaya a makaranta, wata mata daga birni ta haska hotuna a bango. Ta ce nan da shekara ashirin mutane za su rage cin nama, wanda za su ci kuma marar kitse ne, yankakke a leda, da takardar da ke nuna inda dabbar ta yi kiwo. Ta ce a wasu ƙasashen har an fara yin nama a tukwanen ƙarfe ba tare da an yanka komai ba. Aka bushe da dariya. Na ɗaga hannu na tambaye ta, in naman tukunyar ƙarfe ne, wa za a ba kai, wa za a ba ƙashin cinya? Aka ƙara wata dariyar. Jumadil kaɗai bai yi ba. Yana zaune a bencin yara, gwiwoyinsa har ƙirji, hula a hannu, yana kallon bangon har bayan an kashe hoton.

"Gaskiya take faɗa," ya ce mini a hanyar gida.

"Kyanta ne ya ɗebe maka hankali. Sai na gaya wa Salkin."

"Jikata ba ta cin jela, Orozbek. Ran nan na ga ta zaro ta daga baki ta ɓoye ƙarƙashin faranti. In jinina bai ci ba, ɗan wa zai ci?"

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi. Ularbek yana Bishkek yana tuƙa motar sanyi ta wannan kamfanin na nama, ga shi Jumadil ya gina ɗaki huɗu a gida, uku a rufe. Da yaron ya zo hutu ya faɗa wa uban magana a fili.

"Ata, ka sauya iri. Kamfani zai riƙa kwashe 'yan raguna duk kaka daga ƙofar gida. In haka ta samu, ni ma sai in ajiye mota in dawo in karɓe ka. Amma ba zan dawo in yi kiwon abin da ba mai saye ba."

Maganar nan ce ta zauna masa. Da ƙanƙara ta narke ya gangara kwarin Chui, ya dawo da raguna biyu farare a bayan mota, dogaye masu faɗin baya, jela siririya kamar igiya. Na je gani. Na zagaya su sau biyu.

"Na san waɗannan," na ce. "Ashe ba su ƙare ba a shekarar da gandu ya watse?"

"Waɗancan na ulu ne. Waɗannan na nama."

"Ita ƙanƙarar ta san bambancin?"

"Wancan karon ba ni da ciyawa. Wannan karon zan tanada."

Ya sayar da baƙaƙen ragunansa kaf, jikokin wancan da ya ba da doki a kansa. Daga ranar na sa masa suna Marar Jela, sunan kuwa ya bi shi.

Bai yi abin da ka ba. Ya gina doguwar rumfa mai rufin kwano, ya karɓi fadama yana yankan ciyawa sau biyu a shekara. 'Yan ragunan suka zo da saurin girma. Kakar farko motar sanyi ta tsaya a ƙofar gidansa ta kwashe su duka, ta biyu ma haka, ta uku ma haka, hunturun kuma duk suka zo da sauƙi. Salkin ta samu sabon murhu. Waɗanda suka yi masa dariya suka fara zuwa aron ragunan, har gida talatin suka haɗa iri da su. Ularbek ya ce a ba shi hunturu ɗaya ya kintsa, in ƙanƙara ta narke zai tattaro iyalinsa.

Sai dai akwai abin da nake gani wanda ban taɓa yi masa tsiya a kansa ba. Da kaka yakan tsaya a ƙofar shinge kamar kullum, hannuwansa su tafi da kansu ƙarƙashin tunkiya, su kusan haɗuwa da juna. Ya daina faɗin lamba. Mutane ma suka daina aika masa. Ya koma zagaya tarin ciyawa, ya taka tsawonsa da ƙafa, ya ɗaga kai ya dubi bisansa, leɓɓansa na motsi.

Shekara ta huɗu ta zo da fari. Farar ƙanƙarar kan dutse da muka taso muna gani ko a tsakiyar zafi ta ja baya ta bar baƙin dutse, rafin da ke shayar da fadama ya ƙafe tun watan Yuli. Yanka ɗaya aka samu maimakon biyu. Jumadil ya zagaya tarinsa ya ce kwana tamanin ne. Hunturunmu kuwa ba ya kasa ɗari da hamsin. Ya ce ba komai, mota za ta kwashe 'yan raguna ɗari da ashirin a Oktoba, abin da ya rage ya ishi iyayen in aka haɗa da kiwon gangare.

Mota ba ta zo a Oktoba ba. Ularbek ya bugo waya, ya ce masu saye na waje sun samu mai araha a wata ƙasa, a jira Nuwamba. Da Nuwamba ta zo aka ce Disamba. Jumadil ya kai wasu kasuwar Lahadi, ya tarar da gida talatin sun kawo irin fararen nan, masu biki da sadaka kuwa, 'yan kaɗan da suka rage, har yanzu jela suke ɗagawa. Masu son jela ba su same ta a wurinsa ba, waɗanda ba sa so kuma ba su zo ba. Ya koro su gida, suka ci gaba da cin ciyawar iyayensu.

A tsakiyar Nuwamba ne ƙaramin jikansa ya fara takawa, Ularbek ya kawo shi gida a yi masa biki. Jumadil ya yanka tunkiya daga garkensa. Da sassafe Salkin ta shigo gidanmu, ta ja Kalicha gefe.

"Ki ara mini jela ɗaya. Ajar apa za ta zo, ba ni da abin da zan sa a gabanta."

Kalicha ta ba ta, don a al'adarmu jela rabon babbar macen taro ce, Ajar apa kuwa, wato Inna Ajar, ita ce babbar. Amma Jumadil ya hango jelar kafin ta shiga tukunya, ya ce a mayar.

"Baban Ular, tsohuwa ce, za ta yi magana," in ji Salkin.

"Ta yi. Ba zan liƙa wa tunkiyata jelar wani ba. Abin da nake kiwo shi zan ba baƙina."

Da aka kawo nama aka ajiye kan tunkiyar a gaban Ishen ata, aka raba ƙasusuwa kowa da nasa gwargwadon girmansa. Ajar apa ta doshi casa'in, idonta ya tafi. Ta sa yatsu tana laluben farantinta, ta bi ta nan ta bi ta can, sannan ta ɗaga kai wajen da ta ji muryar mai gida.

"Jumadil, ɗana, laifi na yi maka?"

"Wane irin laifi, apa?"

"Shekara ashirin ni ce babbar mace a ƙauyen nan. Yau aka sauke ni?"

"Ba a sauke ki ba, apa. Tunkiyar ce ba ta da ita. Sabon iri ne."

Yatsunta na kan naman. Na buɗe baki zan jefa wata tsiyar a yi dariya a wuce wurin, Kalicha ta mintsine ni.

"Tun haihuwa ba ta da ita?" tsohuwar ta tambaya.

"Tun haihuwa."

"Dukansu?"

"Dukansu, apa."

"To da me za su ci Janairu?"

Ularbek ya sunkuya yana duba wayarsa. Jumadil ya ɗauki wuƙa ya ci gaba da yanka wa mutane nama, ya yi ta yankawa ƙanana-ƙanana har ya wuce yadda ake yi.

Disamba ta shigo da dusar ƙanƙara mai kyau, har gwiwa. Sai iska mai ɗumi ta taso kwana uku, aka yi ruwan sama, abin da Ishen ata ya ce sau ɗaya ya taɓa gani a wannan wata tun da yake. Sannan sanyi ya dawo da ƙarfinsa. Ƙasa ta zama kamar an shimfiɗa gilashi, doki ma sai ya yi ta santsi. Baƙaƙen tumaki irin nawa sukan buga da kofato, in sun samu su ci, in ba su samu ba su kwanta su jira. Fararen kuwa tsayawa suke cak suna kuka, ƙafafunsu duk yanka. Dole a shigar da su rumfa a zuba musu, tarin ciyawa kuma yana raguwa kamar ana sata.

A tsakiyar Janairu saura masa ta kwana ashirin, wadda dole ya ajiye don lokacin haihuwa. Ba a samun ciyawar saye ko ina, kowa na riƙe da tasa. Jumadil ya san in garken nan bai fita hunturu ba, ba abin da Ularbek zai dawo ya karɓa. Sai ya kora su zuwa Kara-Bulak, gangaren da ke fuskantar rana, inda ubansa ke da ɗakin dutse, inda iska ta saba share ƙasa. Can ma ƙanƙarar ta riga shi. Ya ɗauki diga da shebur. Daga fitowar rana har faɗuwarta yana fasa ƙanƙara yana turewa, tumaki na biye da shi suna cin ɗan abin da ya buɗe.

Tun da suka yi aure, duk ranar da zai hau dutse da hunturu, Salkin takan sa masa guntun dafaffiyar jela a aljihun rigar fata, in sanyi ya kai ƙashi ya yanka ya jefa baki. Bana gurasa ta sa masa da cinyar kaza. Ita ta gaya mini daga baya, tana faɗa tana maimaitawa.

Wani makiyayi na kwarin da ke maƙwabtaka da shi ne ya hango garken a jere a layi ɗaya a kan gangare, ba sa motsi, ga rana na shirin faɗuwa. Da ya hau ya tarar da Jumadil a kan layin, a zaune, ya jingina goshi da ƙotar diga kamar mai hutawa. A bayansa ga wani siririn fili, tsawon taki sittin, tumakin sun cinye shi har ƙasa. Na gaban suna ta tunkuɗar bayansa da hanci, suna jira ya tashi ya ci gaba.

Aka yanka dokinsa ranar jana'iza. Ashe yana ba shi sha'ir a ɓoye duk da ƙarancin abinci. Aka ajiye haƙarƙari a gabana, kowa ya sunkuyar da kai, don ba wanda bai san maganarmu ba. Na ci. Naman ya yi taushi, kurdash, ban samu abin kushewa ba.

Ni da Ularbek muka sauko da garken, maƙwabta suka rarraba su a rumfunansu. Duk da haka, cikin ɗari uku da 'yan kai, ɗari da talatin ne suka ga narkewar ƙanƙara. A Afrilu motar sanyi ta zo ƙofar gida ta kwashe su. Ularbek ya sa kwaɗo a doguwar rumfar, ya ce uwarsa ta haɗa kayanta. Kafin su tafi ya zo sallama, ya same ni a shinge. Ya kama wata baƙar tunkiyata, ya sa hannu biyu ƙarƙashin jelar, ya ɗaga, ya runtse ido kamar yadda ya ga ana yi.

"Kawu Orozbek, me babana yake ji in ya ɗaga? Ta yaya yake sanin kwanakin?"

Na ce ban sani ba. Shekara talatin ina tsaye kusa da shi ina yi masa tsiya, ban taɓa tambaya ba. Yanzu ba wanda ya sani a duk kwarin nan. Gida talatin na da fararen tumaki, dutsen bana ya fi na bara baƙi, ni kuwa mai baƙaƙen, Lahadin da ta wuce raguna bakwai na koro gida.

Ran Litinin, kwana ɗaya kafin rasuwarsa, na hau wurinsa da dami biyu na ciyawa a kan doki, da jelar da Kalicha ta dafa ta naɗe ta sa mini a jakar sirdi. Na same shi a gangare, ya tuɓe rigar fata, tururi na tashi daga bayansa.

"Marar Jela, noma ka koma?"

"Taimako ka zo ko kallo?"

Na karɓi digar. Taki goma na yi numfashina ya ƙare, ya tsaya yana kallona yana girgiza kai, ya ce daman kwana uku ya auna ni, ashe ma ya yi mini alfarma. Muka zauna a kan damin ciyawar muna shan shayin filas ɗina. Na ce ya ware raunanan tumaki hamsin in sa a rumfata. Na zaci zai yi gardama. Ya ce to, ran Alhamis in zo mu gangara da su tare.

Wata tunkiya ta matso tana jan ciyawar da muke zaune a kai. Ya kama ta. Hannuwansa suka tafi inda suka saba, suka laluba ɗan abin da ke wurin, suka hau kan ƙashin bayanta. Ya runtse ido ya daɗe.

"Shida," ya ce.

Rabona da in ji ya faɗi lamba shekara uku ke nan. Ranar kuwa ashirin ga Janairu.

Na kasa kallon fuskarsa. Sai na yi abin da na iya tun muna yara. Na tashi na zaro ƙunshin daga jakar sirdi, na buɗe, na ɗaga jelar da hannu ɗaya tana lilo a gabansa.

"Ga shi, Kalicha ta ce a kai wa mabuƙata. Ka ɗinka wa waccan, ko ka ɗinka wa kanka."

Da na zura masa a aljihu shiru, da ya karɓa. Na san haka tun kafin in rufe baki. Ya dubi jelar.

"Mayar da kayanka," ya ce. "Likita ya hana."

"Tun yaushe ka fara jin maganar likita?"

"Tun ranar da ka zama mai ba da sadaka."

Na naɗe na mayar jaka, ina jira ya ce in bari. Bai ce ba. Ya miƙe ya ɗauki digarsa, tumakin suka taru a bayansa. Na hau doki. Na ɗan yi gaba, na juyo.

"Kai fa, kwana nawa ke bayanka?"

Ya hura tafin hannuwansa. "Wanda zai ishe ni in ci dokinka."

Na karkata linzami zan gangara, sai ya kira ni.

"Orozbek. Ran Alhamis ka dawo da ita. Amma ka miƙo da hannu biyu, kamar mutum."

"Sai in ka ce mini yaya," na ce. "Kwana tara ba wasa ba ne."

"Kai dai ka kawo," ya ce. "Sai mu gani."